Tseren keken mata: me ya sa ake ajiye babban tsauni sai ƙarshe?

Nafisa Kurna

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata a kan Tour de France na mata ce, wanda aka fara a 2022. Duk shekarar da aka fitar da taswira, sai ka tarar babban hawa yana ranar ƙarshe ko ranar da ta gabace ta: Planche des Belles Filles a 2022, Tourmalet a 2023, Alpe d'Huez a 2024, Madeleine a 2025. Na maza kuwa ana shiga tsaunuka, a fita, a sake komawa. Masu shiryawa ne ke ganin mata ba za su iya ba, ko akwai dokar da ta ɗaure musu hannu? Wa ma yake zana hanyar, kuma me yake dubawa kafin ya ce nan za a bi?

Na biyu, a 2024 sakan 4 kacal ne tsakanin ta ɗaya da ta biyu, amma a sauran shekarun uku tazarar ta haura minti uku. Taswira ce ta jawo haka ko dai sa'a ce? Na gode.

Malam Sani Mai Taswira

Wa alaikumus salam, Malama Nafisa. Zan ɗauki tambayar farko, ta biyun in bar wa masu horarwa.

Kamfanin ASO ne ke shirya tseren, shi ne dai mai na maza. Marion Rousse ce darakta, Franck Perque kuma, wanda tsohon ɗan tseren keke ne, shi ke bin hanyoyin da mota yana tsara zango-zango. A ƙarshen watan Oktoba ake bayyana taswirar shekara mai zuwa a Paris.

Babban abin da ya ɗaure musu hannu shi ne yawan kwanaki. Maza suna da zango 21 cikin mako uku, da ranakun hutu a tsakani. Mata zango 8 suka yi daga 2022 zuwa 2024, sai 9 a 2025, kuma babu ranar hutu ko ɗaya. Ga kuma dokar UCI, hukumar tseren keke ta duniya, wadda aka fara tseren a ƙarƙashinta: zango ɗaya kada ya wuce kilomita 160, idan aka raba jimilla da yawan kwanaki kuma kada ta wuce 140 a rana. Wuce haka sai da izini na musamman, kamar yadda aka yi da zango na 5 a 2022 mai kilomita 175.6, da na Cahors zuwa Rodez a 2023 mai 177.1. To ki lissafa: takwas sau 140, kilomita 1,120 ke nan, tseren 2022 gaba ɗaya ma 1,033 ya yi. Faransa daga arewa zuwa kudu ta kusa kilomita 1,000 a miƙe. Idan aka tashi daga Paris, ko Rotterdam ta ƙasar Holan kamar a 2024, ko Vannes da ke can gaɓar tekun yamma kamar a 2025, tseren zai cinye kwana biyar ko shida kafin ya isa gindin manyan tsaunuka. Ana rage nisa da bas tsakanin garin da aka ƙare yau da wanda za a tashi gobe, amma kowace awa a cikin bas an zabge ta ne daga lokacin tausa da abinci da barcin 'yan tsere, ba za a iya yin haka kullum ba. Sannan Asabar da Lahadi ne aka fi samun masu kallo a talabijin da kuma bakin hanya, shi ya sa ake so zangon da ya fi tsada ya faɗo a kansu.

Yadda ake haɗa zangon tsauni kuwa, ba daga dutse ake farawa ba, daga garuruwa ake farawa. Gari ko yanki ne ke nema, ya biya kuɗi a ba shi tashi ko sauka. Sai an tsayar da waɗannan biyun sannan a nemi hanyar da za ta haɗa su. Wurin sauka a kan tsauni yana buƙatar fili sosai: manyan motocin talabijin, dandamalin ba da kyauta, ɗakin gwajin ƙwayoyi, bas-bas na ƙungiyoyi fiye da 20, wurin saukar jirgi mai saukar ungulu, da hanyar fitar da mara lafiya ba tare da an ratsa taron jama'a ba. Doka ta ce a kafa shingen ƙarfe aƙalla mita 300 kafin layin ƙarshe da mita 100 bayansa. Wannan ne dalilin da ya sa garuruwan wasan zamiyar ƙanƙara suke yawan samu, irin su Alpe d'Huez, Le Grand-Bornand da Châtel. Suna da wuraren ajiye motoci da otal-otal da ba sa cika a lokacin zafi, kuma suna son talla. Akwai duwatsu masu kyau da yawa da ba a taɓa ƙarewa a kansu ba don kawai babu inda bas zai juya.

Daga nan sai aunawa. Idan kika ga an rubuta Alpe d'Huez kilomita 13.8, kashi 8.1 cikin 100, ma'anarsa duk mita 100 da aka yi gaba an ɗaga sama mita 8 da ɗoriya, jimilla wajen mita 1,100. Amma matsakaicin lissafi yana ɓoye abubuwa. Col du Glandon kilomita 19.7 ne a kan kashi 7.2, sai dai a tsakiyarsa akwai inda hanya take kwantawa, kilomitocin ƙarshe kuma suna haura kashi 10. Mai zana hanya kilomita-kilomita yake dubawa: ina ya fi tsanani, nawa ya rage daga nan zuwa ƙololuwa, faɗin kwalta nawa ne, mota za ta iya wuce ayari ko ba za ta iya ba.

Bayan haka sai neman izinin hukumar kowane yanki da za a ratsa, da jandarmomin da za su rufe hanya, da ma'aikatar hanyoyi da za ta cike ramuka ko ta sake shimfiɗa kwalta. Ana fitar da jadawalin lokaci kala uku, na gudu mai sauri, matsakaici da mai jinkiri, domin a san ƙarfe nawa za a rufe kowace mararraba, da kuma ko za a ci karo da jirgin ƙasa a inda layin dogo ya ratsa titi. Daga lokacin da gidan talabijin yake so a ƙare ake ƙirgowa baya a sa lokacin tashi.

Koci Rabi'atu

Sannu da ƙoƙari, Malam Sani. Malama Nafisa, a tambayarki ta biyu, taswira tana da hannu sosai, amma ba sunan dutsen ba ne ke yanke hukunci. Abin da aka sa kafin dutsen da abin da ke tsakaninsa da na gaba, su ne aikin.

Ga dalilin. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, ana gudun kilomita 40 a awa, wadda ta fake a bayan wata tana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da take kashewa, don iska ce babbar abokiyar gaba. A hawa mai kashi 8, gudun ya sauko zuwa 16 ko 18, iska ta rage tasiri, nauyin jiki da na keke ne ke ja baya, fakewa ba ta ba da wani abin kirki. Saboda haka a kan hawa mai ƙarfi ke cin nasara, a cikin kwari kuwa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Mai zana taswira da wannan yake wasa.

Dubi zango na 7 a 2022, Sélestat zuwa Le Markstein, kilomita 127. Hawa uku ne: Petit Ballon, kilomita 9.3 a kashi 8.1, sai Platzerwasel, 7.1 a kashi 8.3, sai Grand Ballon, 13.5 a kashi 6.7. Tsakanin na farko da na biyu babu kwari, ana gama gangara sai a kama sabon hawa. Annemiek van Vleuten ta kai hari tun a Petit Ballon, saura fiye da kilomita 80. Demi Vollering ce kaɗai ta bi ta, ita ma ta saki a Platzerwasel. Waɗanda ke baya ba su samu shimfiɗar da za su haɗu su yi karɓa-karɓa ba, kowa ta hau ita kaɗai ko cikin 'yan uku 'yan huɗu. Van Vleuten ta ci da minti 3 da sakan 26, ta uku ta zo bayan fiye da minti biyar. Washegari da aka je Planche des Belles Filles, mai guntun hanyar burji a ƙarshe da wurin da ya kai kashi 24, an riga an san mai rigar ɗorawa, wato rigar da ake ba wadda ke kan gaba a jimillar lokaci. Irin wannan jeri yana nuna wa ta fi kowa, amma idan akwai mace ɗaya da ta yi wa sauran nisa, a rana guda zai gama tseren.

A 2023 sai suka gwada akasin haka: zango gajere, kilomita 89.8 daga Lannemezan, a hau Aspin, kilomita 12 a kashi 6.5, a gangara, a kama Tourmalet, kilomita 17.1 a kashi 7.5, a ƙare sama da mita 2,100. Gajeren zango yana sa a iso gindin dutse da sauran ƙarfi, shi ya sa Lotte Kopecky, wadda ba a lissafa ta cikin gwanayen hawa, ta iya riƙewa har ta ƙare tseren a matsayi na biyu. Kasia Niewiadoma ta sulale a gangarar Aspin lokacin da Vollering da Van Vleuten suka tsaya kallon juna, amma hawa mai tsawon haka yana ba mai ƙarfi lokacin gyara kuskure. Vollering ta kamo ta cikin hazo, ta ci da kusan minti biyu. Washegari aka rufe da tsere da agogo (kowa ta tashi ita kaɗai, a auna lokacinta) na kilomita 22.6 a Pau, inda Kopecky da Niewiadoma suka yi kunnen doki a jimilla, sai da aka koma ga ɓurɓushin sakan aka raba su.

Yanzu 2024, wanda kika tambaya. Zango na 8, Le Grand-Bornand zuwa Alpe d'Huez, kilomita 149.9, hawa kusan mita 4,000 a rana ɗaya. Vollering ta tashi da safe tana bayan Niewiadoma da minti 1 da sakan 15, saboda faɗuwar da ta yi a zango na 5 kusa da Amnéville. Saura wajen kilomita 6 ta faɗi, wato ba ta shiga cikin kilomita 3 na ƙarshe da doka ke yafe wa wadda ta faɗi lokacinta ba. Wannan ɓangaren kam sa'a ce. Sauran kuwa taswira ce. Ƙololuwar Glandon, dutsen da aka hau kafin Alpe d'Huez a ranar, tana da nisan kilomita 50 daga layin ƙarshe. Vollering ta kai hari a wurin da ya fi tsanani dab da ƙololuwa, Pauliena Rooijakkers ta manne mata. Gangarar Glandon ta wannan ɓangaren ba a miƙe take ba, akwai 'yan hawa-hawa a cikinta da ke karya gudu, daga nan sai kwarin da ya tashi daga Allemond zuwa Bourg-d'Oisans, shimfiɗe kamar faranti. A nan Vollering ta ja kusan ita kaɗai, don Rooijakkers ba ta da dalilin ƙone kanta tana taimakon wadda ta fi ta ƙarfi. A baya kuwa Niewiadoma ta samu masu ja, musamman Lucinda Brand da ke yi wa 'yar ƙungiyarta aiki. Tazarar da aka buɗe a kan Glandon ta ragu a kwarin, kuma Vollering ta shiga kwanoni 21 na Alpe d'Huez da gajiyar da ta kwaso. Ta ci zangon, Niewiadoma ta iso bayan minti 1 da sakan 1. Ki haɗa da tukuicin sakan 10 na wadda ta zo ta ɗaya, ya zama minti 1 da sakan 11. Ki cire daga minti 1 da sakan 15, ga sakan 4 ɗinki nan. Da an cire wannan kwarin, aka haɗa gangara da gindin hawa kamar a 2022, ina da yaƙinin Vollering ce za ta ɗauki rigar.

Akwai kuma maganar yawan 'yan ƙungiya. A 2022 mutum shida-shida ne, daga 2023 aka koma bakwai, maza kuwa takwas. Bayan hawa irin Glandon, shugabar ƙungiya da wuya ta waiga ta ga 'yar'uwarta ko ɗaya. To idan kwarin ya yi tsawo da yawa, kowa za ta ji tsoron kai hari da wuri, a zauna jiran hawan ƙarshe. Idan babu shi sam, mai ƙarfi ta tafi ke nan. Hanyar fita daga wannan ita ce a tura 'yan ƙungiya cikin waɗanda suka ɓalle tun da safe, su jira shugabarsu a bayan dutse su ja ta a kwari. Mai zana hanya idan yana son ganin haka sai ya sa ɗan hawa a farkon zango, kamar Col de Tamié a wannan ranar, domin masu iya hawa su samu damar ɓallewa, ba masu ƙarfin shimfiɗa kaɗai ba.

A 2025 hawa ɗaya mai tsawo ne ya raba gardama: Madeleine, kilomita 18.6 a kashi 8.1, mita 1,500 na ɗagawa ba hutu, a ƙare a mita 2,000. Pauline Ferrand-Prévot ta ba Sarah Gigante minti 1 da sakan 45, ta ba Vollering minti uku. Kim Le Court ta Moroshus, mace ta farko daga Afirka da ta ci zango a wannan tseren, a ranar ta rasa rigar ɗorawa.

Nafisa Kurna

Allah ya saka da alheri, Koci. Lissafin sakan 4 ɗin ya fito fili yanzu. Amma Gigante da kika ambata, ta kwana a matsayi na biyu bayan Madeleine, washegari ta ƙare ta shida, kuma ba a hawa aka bar ta ba, a gangarar Joux Plane ne. Da gangan ake sa gangara mai wuya haka? Ba haɗari ba ne?

Ɗanladi Alƙalin Tsere

Da gangan ne, Malama, kuma haɗarin gaskiya ne. Sauka daga dutse gwaninta ce kamar hawansa, mai zana hanya yana da haƙƙin gwada ta. Joux Plane kilomita 11.6 ne a kashi 8.5, gangararsa zuwa Morzine kuma ƙunci gare ta da kwanoni masu yawa. Wadda ke taka birki da wuri a kowace kwana tana asarar sakan ɗaya ko biyu, kafin a kai ƙasa sun taru sun zama rabin minti ko fiye. Tana isa shimfiɗa ita kaɗai, waɗanda ke gaba kuma su huɗu ko biyar suna karɓa-karɓa, shi ke nan rabin minti ya zama mintuna. Abin da ake gudu shi ne a sa layin ƙarshe a gindin gangara kai tsaye, don a nan ne mutum zai sayar da ransa saboda sakan biyar.

Abin da ake dubawa a gangara kafin a amince da ita: kwanar da take ƙara matsewa bayan an shige ta, wadda ita ce mafi muni domin ido yana yaudarar mutum, kwaltar da ke narkewa da zafin rana, tsakuwar da ruwa ya zubo kan titi, ƙarafan da ake shimfiɗawa a hanya don hana shanu wucewa, gada mai ƙunci bayan kwana, da inda babu shinge sai rami. A irin waɗannan wurare ana ɗaura katifu ko raga, a tsayar da jami'i da tuta ruwan ɗorawa da usur, a share titin da safiyar ranar. Hanyar da ta ratsa ta cikin dutse kuma doka ta ce sai an haska ta yadda za a iya karanta lambar mota daga mita 10, a kuma hango mota mai duhun launi daga mita 50. Daga hasken rana a faɗa duhu ana gudun kilomita 70 da baƙin tabarau, ba a ganin komai na 'yan sakanni.

Ba a kai ga tsaurara waɗannan abubuwa a banza ba. Gino Mäder ya rasu a 2023 bayan faɗuwa a gangarar Albula a tseren Suwizalan. A 2024 Muriel Furrer, yarinya 'yar shekara 18, ta faɗi a gangara cikin kurmi ana ruwa a gasar duniya ta Zurich, aka daɗe ba a san inda take ba, ta rasu washegari. Bayan wannan ne aka matsa a kan na'urar da ke nuna inda kowane keke yake, aka kuma yi amfani da ita a gasar duniya ta Kigali a 2025. A zangon tsauni ayari yana tarwatsewa ya bazu a kan kilomita goma ko fiye, alƙalai da likita ba za su ga kowa ba. Dole a raba motocin asibiti, wata a bayan na gaba, wata a can ƙarshe, a kuma sa likita a kan babur don mota ba ta iya kutsawa a ƙuntatacciyar hanya. Rufe hanya ma ba abin wasa ba ne. Tseren mata na tsaunukan Pyrenees a 2023 an dakatar da shi bayan zango na biyu, saboda motocin jama'a suna shigowa cikin hanya, 'yan tsere da ƙungiyoyi suka ce ba za su ci gaba ba.

Sai yanayi. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6 da rabi. Kwari yana 30, ƙololuwa mai mita 2,000 tana iya zama ƙasa da 20, idan aka haɗa da ruwan sama da jiƙaƙƙiyar riga da iskar gangara, yatsu suna sandarewa har a kasa matsa birki yadda ya kamata. Shi ya sa ake tsayar da ma'aikatan ƙungiya a ƙololuwa da rigunan ruwa. Kowane zangon tsauni kuma yana da hanya ta biyu a aljihu. A Giro na mata na Italiya a 2019 an shirya ƙarewa a Gavia, zaftarewar ƙasa ta rufe hanya, aka karkata zuwa tafkunan Cancano. Irin wannan canji ba a ƙirƙiro shi da safe, sai an riga an samu izini da filin sauka tun da wuri.

Wani ƙaramin abu da ake mantawa: ba a karɓar ruwa ko abinci daga motar ƙungiya a kilomita 30 na farko da 20 na ƙarshe, sai in alƙalai sun sassauta saboda zafi. Hawa kamar Madeleine gaba ɗayansa yana cikin 20 na ƙarshen nan, kuma ya fi awa ɗaya ana hawansa. Dole mai shiryawa ya ware wuraren da ma'aikata za su tsaya a gefen hanya da gorunan ruwa, in ba haka ba ƙishirwa ce za ta zaɓi mai nasara.

Umar Faruk Zinder

Na yarda da bayanan da aka yi, amma Malam Sani, ina ganin ka sassauta wa masu shiryawa. Maganar ko mata za su iya, tarihi ya riga ya amsa ta. A 1984 an yi Tour na mata mai zango 18, Marianne Martin 'yar Amurka ta ci, ana bin ƙarshen hanyar maza a rana ɗaya da su har cikin tsaunukan Alps. Zoncolan na Italiya mata ne suka fara hawansa a Giro ɗinsu a 1997, Fabiana Luperini ta ci, maza ba su je ba sai 2003. Matan sun ƙare a kan Stelvio a 2010, sun hau Mortirolo a 2016. Dokar kilomita 160 mutane ne suka rubuta ta, kuma an riga an ba da izinin ƙetare ta.

Matsalar da take ta gaske ita ce tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya a cikin ayari. Sai a 2020 aka wajabta mafi ƙarancin albashi a manyan ƙungiyoyin mata, Yuro 15,000 a shekara a lokacin. Kafin nan da yawansu suna haɗa tsere da wani aiki ko karatu. Wannan yana bayyana a wa'adin lokaci: kowane zango ana ɗaukar lokacin ta ɗaya a ƙara wani kaso, wadda ta wuce haka an cire ta daga tseren. A misali, idan ta ɗaya ta yi awa huɗu da rabi, kason kuma 15 cikin 100 ne, wa'adin minti 40 ke nan. Ka sa zango mai hawa mita 4,000 a rana ta uku, za ka iya sallamar gwanayen gudun ƙarshe a shimfiɗa da ƙananan ƙungiyoyi tun tseren bai yi rabi ba. A ranar ƙarshe kuwa ba a asarar komai. Wannan hujja ce mai ƙarfi a 2022, amma kowace shekara tana raguwa, don albashi ya ƙaru, ƙungiyoyi suna zuwa sansanin horo a kan tsaunuka.

Abin da nake so a gani shi ne babban dutse a tsakiya, a bar kwana biyu ko uku a bayansa, domin wadda aka bari ta samu inda za ta rama. Kuma a daina barin tsere da agogo, babu shi a 2022 da 2025, na 2024 kuma kilomita 6.3 ne kawai. Idan babu shi, masu ƙaramin jiki da suka iya hawa ba su da bashin da za su biya, sai su jira kilomita biyar na ƙarshe.

Koci Rabi'atu

Malam Umar, taswirar da aka sanar ta 2026 ta matso kusa da abin da kake nema. Daga Lausanne ta Suwizalan za a tashi, akwai tsere da agogo na kilomita 21 zuwa Dijon, Mont Ventoux kuma a zango na 7 cikin 9, a ƙare a Nice. Wato kwana biyu sun rage bayan babban dutse, kuma masu iya hawa za su iso shi da bashin lokaci a wuyansu.

Sai dai Ventoux dutse ne da ke tsaye shi kaɗai, babu wani babban hawa manne da shi da za a kai hari daga nesa, don haka komai zai taru a kansa. Ta ɓangaren Bédoin kilomita 15.7 ne a kashi 8.8. Wajen kilomita goma na farko cikin kurmi ne, kashi 9 zuwa 10 babu sassauci, babu iska, zafi kamar tanda. Daga Chalet Reynard, kilomita 6 na ƙarshe, babu bishiya ko ɗaya, hawan ya ɗan sassauta amma iska ce ke mulki. Idan tana busowa daga gaba, fakewa ta dawo da amfani, wadda ta ɓalle a kurmi ita kaɗai za a iya kamo ta. Idan daga baya take, tazarar ninkuwa za ta yi. Ƙungiyoyi za su sa giya mai sauƙi, haƙora 34 a gaba da 34 a baya ko makamancin haka, don a ci gaba da juya feda a cikin kurmin ba tare da ƙafa ta ƙone ba. Masu shiryawa kuma dole su tanadi layin ƙarshe na biyu a Chalet Reynard, domin a 2016 iska ta tilasta an tsayar da zangon maza a nan, jama'ar da suka hau sama suka gangaro suka cunkushe hanyar da ba a gama sa mata shinge ba, har babur ɗin talabijin ya tsaya cak masu tsere suka afka masa.